Baba Almakashi da Tulin da Ya Ƙi Mutuwa

Shekara goma sha ɗaya Baba Almakashi yana aski, amma bai taɓa taɓa kan mutum ba. A gonar diragon yake aiki, jan ɗan itacen nan mai ɓawo kamar jikin kifi. Uwar itacen ko ganye ba ta da shi: dogayen korayen rassa ne masu ƙaya, suna zubowa daga kan ginshiƙin siminti kamar gashin da aka manta ba a taje ba. Aikin Baba ya datse tsofaffin rassa don sababbi su yi fure. Hannunsa duk tabon ƙaya. Matarsa ta ce gaisawa da shi sai mai ƙarar kwana.

Abin da ya datse, a bayan rumfar kayan aiki yake jibgewa, har tulin ya kere rumfar. Ƙasansa ya ruɓe yana wari, wata cuta mai ɗigo-ɗigo kuma ta fara tsallakowa zuwa layin farko na shuka. Mai gona ta zo, ta toshe hanci.

"Baba, ko tulin nan ya bar min gona kafin ruwa ya sauka, ko ku tafi tare."

Baba ya cinna masa wuta. Ashana kwali biyu, kananzir galan guda. Tulin ya yi tsaki, ya yi hayaƙi, ya kashe wutar. Sai Baba ya zuciya, ya ɗauko adda ya sassara rabinsa gunduwa-gunduwa, ya binne. Shi fa da ya fi kowa sanin da reshe ake dasa diragon! Sati uku, kowace gunduwa ta leƙo kai.

"Sannu da ƙoƙari, Malam," in ji matarsa. "An ce ka kashe, ka buɗe sabuwar gona."

'Yarsu ta biyu, wadda suke kira Likita duk da ko kaza ba ta taɓa yi wa allura ba, tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata kwalejin noma. Ta sa reshe uku a leda ta tafi. Bayan kwana biyar ta dawo da takarda.

"Baba, kashi tara cikin goma na abin nan ruwa ne. Tafki kake ta ƙyasta wa ashana."

"To, ɗayan da ya rage fa?"

Ta ce zare ne da ɗan sukari, sinadarin da ke sa itace tauri kuma kaɗan ne a ciki, shi ya sa yake saurin ruɓewa. In an daka shi, an haɗa da kashin shanu a tankin da iska ba ta shiga, zai ba da gas na girki. Abin da ya kwanta a ƙasa kuma taki ne.

"Wato warin nan da ke neman cinye min aiki, shi ne gas?"

"Ɗan'uwansa ne, Baba."

Wani mai walda ya gyara masa tsohon tankin ruwan gonar, ya sa masa tiyo da risho. Baba ya daka rassa, ya haɗa da kashin shanu, ya ɗura, ya rufe. Sauran rassan ya tsaga su ya shanya a kan kwanon rumfa, inda ba ƙasar da za su kama. Kullum da safe sai ya kara kunne a jikin tanki kamar mai jiran haihuwa. Shiru. Hadari kuwa ya fara haɗuwa, mai gona tana kallon sama tana kallonsa.

Ranar sha shida ya ƙyasta ashana a bakin risho. Shuɗiyar wuta ta ce fuu, ta tsaya cak. Baba ya yi tsalle, hularsa ta faɗa cikin kashin shanu, bai ko waiwaya ba.

A kan wutar aka dafa wa mai gona shayi. Ta kurɓa, ta leƙa bayan rumfa: fili fetal.

"Baba, tanki nawa za mu ƙara?"

Yanzu uku ne, maƙwabta ma suna kawo nasu rassan a baro. Matsalar kawai, Baba ya fara yi wa lafiyayyun rassa wani irin kallo. Kullum zai fita da almakashinsa sai matarsa ta bi shi har ƙofa.

"Malam, saisaye aka ce. Kar ka yi wa gonar mutane ƙwal-kwabo."