Jan Fenti a Bangon Madabo

Aikina a gidan adana kayan fasaha shi ne kula da masu zuwa koyon aiki. Akwai ɗaliban jami'a da ke yin wata shida su tafi da sa hannuna a littafinsu. Akwai kuma gurbi guda ɗaya tak da muke ba wani mai zane duk shekara: ɗaki, kayan aiki da alawus, a ƙarshe a baje zanensa a babban zaure. A shekarar da nake magana, wani saurayi ne daga Ƙofar Dawanau ya samu gurbin. Dogo ne, ba ya son surutu, yatsunsa sirara. In ya riƙe fensir, katanga sai ta fito a takarda har da tsagewarta.

Tun ina 'yar makaranta nake karanta littattafan soyayya a ƙarƙashin tebur, kuma har yau ban warke ba. Da na ga yadda yake sunkuyar da kai duk sanda wata ɗaliba mai karatun gine-gine ta shigo ofis, sai na rubuta musu littafi guda a raina, har da ranar ɗaurin aure. Don haka da aka ce a je a zana fuskokin tsofaffin gidajen ƙasa na Madabo kafin damina ta ƙara cin su, su biyun na haɗa.

Na san ƙa'ida. Ba a shiga unguwa da igiyar awo sai an fara gaida mai unguwa, ya haɗa ka da wanda zai yi maka jagora. Takardar da za a kai masa tana jakata. Amma na ce in aka haɗa mu da dattijo yana bin mu, yaushe za su samu sararin magana? Na bar gaisuwar sai washegari. Ni ce kuma na ba saurayin ɗan gwangwanin jan fenti, na ce ya riƙa sa lamba a gindin duk bangon da ya zana don kada su rikice mana. A watannin nan kuwa zancen rusau ne a bakin kowa. Duk bangon da aka ga jan fenti a kai, an san motar rushe gini tana tafe. Ni ma na sani, hankalina ne yake wani wuri.

Da hantsi ne. Na ja baya ina yi kamar ina duba waya, ita tana riƙe da igiyar awo, shi ya durƙusa yana rubuta lamba ta huɗu. Sai wani magidanci mai faɗin ƙirji ya fito daga zauren gidan.

"Malam, uban wa ya aiko ka?"

"Sannu Baba. Lamba ce kawai."

"Na ga lamba ce, ai ba makaho ba ne ni. Gidana ne na huɗu a layi ke nan. Yaushe motar za ta zo?"

Bai jira amsa ba ya ɗauke shi da mari. Wata mata ta leƙo ta kan katanga ta ce 'yan rusau ne, maganar ta bi lungu kamar wuta. Kafin in taka zuwa wurin, matasa sun cika hanyar. Wani ya fizge igiyar awon daga hannun yarinyar ya tsula mata a baya, ta faɗa kwata. Shi kuwa suka kayar da shi, masu ƙafa na shuri, masu gora na duka. Fentin ya kife a rigarsa, na kasa bambance shi da jinin da ke fita daga hancinsa.

Na kutsa ina cewa daga gidan adana kayan fasaha muke, ga takarda. Gwiwar hannun wani ta same ni a baki, na ji gishirin jini. Aka ja mayafina har ya shaƙe ni.

Sai na ji muryar magidancin, a natse, kamar mai tambayar farashi a kasuwa: "Da wane hannun ya rubuta?"

Mutum biyu suka danne wa saurayin hannun dama a kan dakalin ƙofar gidan. Wani ya miƙo taɓarya daga cikin gida. Sau biyu aka ɗaga ta. Ƙarar kamar an karya rake ce, kuma har yau ba na iya tsayawa kusa da mai sayar da rake. Bai yi ihu ba sai a karo na biyu.

Mai unguwa ne ya raba, tsoho da sandarsa, yana kiran matasan da sunayen iyayensu ɗaya bayan ɗaya har suka ja baya. Na miƙa masa takardar. Ya karanta har ƙasa, ya dube ni.

"Hajiya, wannan ai tawa ce. Me take yi a wajenki?"

Magidancin ya zauna a ƙasa ya dafe kai, yana cewa a gidan aka haifi kakansa.

A cikin adaidaita, a hanyar asibiti, yarinyar ta kira wani a waya tana kuka. A nan na ji ashe an sa mata rana tun kafin ta zo wurinmu.

Yatsu uku ne suka karye, da ƙashin bayan hannu. Da aka cire filasta bayan makonni, biyu daga ciki sun ƙi lanƙwasuwa. Shugabanmu ya kira ni ya ce gurbi ba ya zama haka nan, ranar baje zane ba ta matsawa, in je in ga ko saurayin zai iya, in ba haka ba a ba wanda ya zo na biyu a tantancewar gurbin.

Na same shi a tsakar gidansu, mahaifiyarsa ta shimfiɗa min tabarma ba ta ko dube ni ba. Na faɗa masa gaskiya duka, har dalilin da ya sa ban je wurin mai unguwa ba. Da na gama, ya ce, "Anti, kin zo da fensir?"

Na ba shi. Ya saƙala shi tsakanin babban yatsa da ɗaya daga cikin waɗanda suka sandare, ya ɗora takarda a gwiwa, ya dubi bakin rijiyarsu. Layin farko ya tafi a karkace, fensirin ya faɗi. Na ɗauko masa. Ya sake faɗuwa. A karo na uku da kansa ya ɗauka da hagu, ya miƙo min.

"Ki ba na biyun," in ji shi. "Na ga aikinsa ranar tantancewa. Yana da hannu."

Ran Litinin na kira na biyun. Ya yi ta godiya, yana tambaya ko ɗakin yana da taga mai haske.