Ƙafar Yaya Bitrus

Ranar Laraba ce bayan Kirsimeti, shekarar da na shiga aji uku, da hantsi, dutse ya riƙe Yaya Bitrus. Mu 'yan Wulari ne, a cikin Maiduguri aka haife mu, inda ko tudun kirki babu, amma duk hutu sai Baba ya kai mu ƙauyen Kaka a duwatsun Gwoza. Can muke korar awaki daga rumbu, mu ɗebo ruwa, mu ɓare gyaɗa har yatsu su yi zafi. Yaran ƙauyen kuwa wasansu ɗaya ne, bin rema cikin kogo. Akwai wata kafa a ƙarshen kogon da ake shiga a kwance, a ja ciki kamar ƙadangare, a ɓulla ta bayan dutsen. Dokarsu ita ce a tuɓe riga da wando, a miƙa hannu biyu gaba, a fitar da numfashi kafin a matsa.

Shi kuwa Yaya, ɗan birni, sabon wandon Kirsimeti ne a jikinsa da bel mai ƙaton kan ƙarfe. Ayuba, ɗan kawunmu, ya ce masa ya cire. Ina! Wai a gaban 'yan ƙauye? Haka ya kutsa. Ƙafafunsa suka ɓace, muka ji ƙarfe ya gogi dutse, sai shiru. Can muka ji muryarsa siririya, kamar daga cikin tulu: "Ayuba, ba na gaba, ba na baya."

Kafin azahar rabin ƙauyen na bakin kogo. Manya sun gwada, kafaɗarsu ta ƙi shiga. Ni ce mafi ƙanƙanta, saboda haka ni aka tuɓe wa riga aka tura, Kawu Ishaku na riƙe da idon sawuna. Wayyo, wannan duhu! Dutse a bayana, dutse a ƙirjina, warin kashin jemage ya cika min hanci. Na miƙa hannu har na taɓo tafin ƙafar Yaya, sanyi ƙalau. Iyakata ke nan. Aka ce in ja, na ja, ya ƙwalla ihu, don kan bel ɗin ya maƙale a ƙarƙashin cikinsa. Ina jin numfashinsa yana gajarta, ni kuma ba ni da abin yi sai kuka.

Kaka ce ta tsawata wa mazan. "Ku daina jan yaron nan, jikinsa ya kumbura. Ku bari ya gaji." Sannan ta duƙa ta yi min magana ta bakin kafar: "Saratu, kada ki saki ƙafarsa. Muddin yana jin hannu, ba zai haukace ba."

Ban san awa nawa muka yi ba. Ya zage ni, ya kira Mama, ya yi addu'ar da aka koya mana a coci ya ɓata a tsakiya. Ni dai ina riƙe, hannuna ya mutu har ban san nawa ba ne. Da la'asar yunwa da gajiya suka saɓe masa ciki, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, na ji ƙarfen ya ce ƙyas. Kawu ya ja ni, na ja Yaya, muka fito jere, cikinsa duk jini. Kaka ta cire bel ɗin ta wurga cikin kwazazzabo.

Yanzu Kaka ta rasu, ƙauyen ya watse tun lokacin rikici, 'ya'yana ba su taɓa ganin kogo ba. Watan jiya na raka Yaya asibiti saboda ciwon kai da ya ƙi jin magani. Aka kwantar da shi za a tura shi cikin injin ɗaukar hoto, wani dogon rami matsattse. Mutum mai furfura, uban 'ya'ya huɗu, ya dube ni ya ce, "Saratu, riƙe min ƙafa."

Na roƙi ma'aikaciyar da ke kula da injin, ta bar ni na tsaya. Na riƙe. Wancan karon ma iyakar abin da na iya ke nan.