Saura Wata Bakwai

A ofishin ajiye takardun filaye na gundumarmu, a arewacin jihar Iowa ta Amurka, wani dattijo yana tsaye gaban kanta, hularsa a hannu. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa. Goshinsa fari fat inda hula ke rufewa, sauran fuskar kuwa rana ta gama da ita. Ban san sunansa ba, amma ƙaiƙayin waken suya da ke maƙale a wandonsa ya isa shaida cewa manomi ne.

Takardar da kakansa ya sayi gonarsu da ita yake nema. A jiharmu, gonar da ta shekara ɗari a hannun gida ɗaya akan ba ta allon girmamawa, a kafa a bakin hanya.

Darlene, ma'aikaciyar wurin, tana bin rubutun takardar da yatsa. "Baba, ka yi sammako! Saura wata bakwai ta cika ɗari. Ka dawo da bazara, ka taho min da kek."

"Kek kam sai ki biyo ni gidan haya, 'yar nan," in ji shi, yana murmushin yaƙe. "Watan jibi za a yi gwanjon gonar."

Tun da rikicin harajin kaya ya sa ƙasar Sin ta ja baya da sayen wakenmu, rumbuna suka cika, farashi ya karye. Ina zaton nasa waken yana can jibge, ba mai taya.

Yanzu yana shafa sa hannun kakansa da babban yatsa, a hankali.

"Wanda ya saya, daga ina zai kama lissafin shekarun?"

"Daga ɗaya, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya mayar da hularsa.