Adasa Biyu a Gwangwani Ɗaya

Aikin da ya kawo ni Jidda daga Zariya gyaran na'urorin asibiti ne, musamman madubin duba ƙwayoyin cuta na ɗakin gwaji. Abin da ke rubuce a iƙamata, wato takardar izinin zamana, ke nan. Amma abin da ke cinye min ranakun hutu daban yake: tsofaffin idanun kyamara, waɗanda mutanen nan ke kira adasa. Ba saye nake yi ba, albashina ba zai ɗauka ba. Lambobinsu nake tarawa a wani littafi mai baƙin bango, wanda matata ta raɗa wa suna rajistar marayu.

Kowace adasa tana da lamba a zane a jikin zoben da ya kewaye gilashinta na gaba. Kamfanin Japan ɗin da na fi bi ya yi shekaru yana fitar da adasa iri ɗaya da suna ɗaya, yana sauya mata ƙira a hankali ba tare da ya gaya wa kowa ba. Zubin farko da na biyu, in ka ajiye su a tebur, sai ka rantse tagwaye ne. Sai ka karkata gilashin ga haske za ka ga na farko yana ba da launin zuma, na biyu kuma shunayya. Sai ka juya bayansu za ka ƙirga sukurori biyar a na farko, uku a na biyu. Ni kuwa duk adasar da na gani, a kanti ko a hoton masu sayarwa a intanet, sai na rubuta lambarta da launinta da sukurorinta. Da shafukan suka yi yawa, iyakar ta fito da kanta. Duk lambar da ta fara da biyu ko uku, zubin farko ce. Daga biyar zuwa sama, na biyu. Ban taɓa jin kunyar faɗin wannan a gaban kowa ba, don na san abin da na ƙirga.

Akwai dai wani shafi a ƙarshen littafin da na ware wa masu taurin kai, waɗanda lambarsu ke faɗin abu ɗaya jikinsu na faɗin wani. Na daɗe kafin in lura cewa kusan dukkansu a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, na gan su. Dalilin ba wani mai zurfi ba ne. Tsofaffin masu gyara na can ba sa zubar da komai. In zoben gaba ya lotsa, sai su kwance na wata adasa su ɗaura, tunda bakin iri ɗaya ne. Lambar da ke jiki ba ta dame su ba, su dai murfi ya zauna daidai.

Wanda ya fi kowa wannan aikin shi ne wani dattijo da nake kira Baba. A Jidda aka haife shi. Kakansa ne ya zo aikin Hajji daga ƙasar Katsina bai koma ba. Kantinsa na cikin wani lungu a Balad, ƙarƙashin tagogin katakon nan da suka leƙo kan hanya, kuma in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Nakan je wurinsa bayan la'asar. Ya ba ni shayi, ya bar ni in tona akwatunansa, yana yi min tsiya.

"Injiniya, kai kullum lamba. Shuf, duba mana, adasa hoto take ɗauka, ba jarrabawar lissafi ba."

A lokacin idonsa ya riga ya yi rauni. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana goge gilashin mutane, nasa ya yi hazo. 'Yarsa ta fari ta matsa masa ya rufe kantin ya zauna a gidanta a unguwar Nuzla, shi kuma kullum sai ya ce akwai saura. Sai da na matsa ya gaya min mene ne sauran.

A shekarar da aka haifi 'yar tasa, wani mai hoto daga Gusau ya zo Hajji. Da zai koma ya bar wa Baba adasarsa amana, ya ce a goge ta a ajiye masa, zai dawo baɗi ya zauna ya riƙa ɗaukar alhazai hoto. Bai dawo ba. Baba ya yi ta aika saƙo ta bakin alhazai shekara da shekaru, shiru. Bayan 'yan shekaru shi ma ya sayi irinta sabuwa don aikinsa. Da fim ɗin kyamara ya mutu, sai ya haɗa biyun a gwangwanin madara ɗaya, ya zuba shinkafa a ƙasa don ta shanye raɓar teku. Yanzu ya manta wacce ce tasa, wacce ce ta mutane.

"Ba zan kwanta a kabari da kayan wani ba," in ji shi. "Kuma ba zan ba shi nawa in ce nasa ne ba. Amana ita ce abin da aka ba ka, ba mai kama da shi ba."

'Yar ce ta yi ta cigiya ta waya har aka dace. Mai hoton ya rasu da daɗewa, amma ɗansa, wani malamin makaranta mai furfura a gemu, zai zo Umra. Baba ya aiko min in zo ranar, wai in zama shaida.

Malamin ya zo da wata takarda da ta yi ja don tsufa, wadda ya samu a akwatin mahaifinsa. An rubuta lambobi shida a jere da biro, a ƙasa kuma, "tana wurin mai gyara a Balad". Lambar ta fara da biyu. Baba ya buɗe gwangwanin ya jera adasa biyun a kan tawul. Ɗaya zobenta sumul, ɗayar ta lotsa a gefe ɗaya. Malamin ya ɗauki mai lotsar, ya karanta lambar a fili yana bin takarda da yatsa, ta yi daidai har ƙarshe.

"Alhamdu lillah. Khalas, an gama," in ji Baba, ya jingina da bango.

Ni kuma tun da aka ajiye su idona na kan gilashi. Hasken la'asar na shigowa ta ƙofa, kuma mai lotsar nan shunayya take bayarwa. Na karɓa na juya bayanta. Sukurori uku. Na ɗauki ɗayar, mai zobe sumul da lambar da ta fara da shida. Launin zuma, sukurori biyar.

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin yin shiru. Ga tsoho ya sauke numfashi, ga baƙo yana murmushi, ga shayi an zuba. Amma shaida aka kira ni, kuma na ji da kunnena abin da Baba ya ce amana take nufi.

"Baba, ba ita ba ce."

"Kamar yaya ba ita ba ce? Ba ka ji lambar ba?"

"Na ji. Zoben na mai hoton ne, amma adasar taka ce. Wadda ke da lambar da ta fara da biyu dole ta zama zubin farko, wannan kuwa zubi na biyu ce. Lokacin da aka ba ka amanar ma ba a fara ƙera irinta ba. Ga tasa nan, da zobenka a jikinta."

Ransa ya ɓaci, na gani. "Ya waladi, ɗana, tun kafin a haife ka nake buɗe waɗannan. Littafinka ne zai gaya min abin da ke cikin gwangwanina?"

Malamin ya shiga tsakani cikin ladabi. "Baba, ba komai. Kowacce ka ba ni na karɓa, kuma mun yafe. Ni ko kyamara ba ni da ita."

Wannan maganar ce ta fi taɓa Baba, ba tawa ba. Ya ɗaga hannu ya ce a'a, shi ba kowacce aka ba shi ba. Sai na ga dama ta samu. Baba na da wani ƙarfe da ya ƙera da kansa daga tsohon kamfas na 'yan makaranta, da shi yake kwance zobe, kuma duk inda ya shiga sai ya bar ɗigo biyu masu fuskantar juna. Na sha ganinsu a jikin masu taurin kan littafina. Na kama yatsansa na ɗora farcensa a kan zoben farko, sannan na biyu. Ido ba ya gani, amma farce ya gane aikin hannunsa a duka biyun.

Baba ya sake shafa ɗigon. Ana ta wucewa da amalanke a lungun. Can ya ce, a hankali, "Ranar da na taso daga tsohon kanti. Kantar kaya ta zame, amanar ta faɗi a kan dutse."

Daga nan sauran ya dawo masa. Ya ce da ya ɗaga adasar mutumin ya ga gefenta ya lotsa, kunya ta hana shi cin abinci. Babu wani zobe irin nata a kantin sai na tasa sabuwa, wadda bai yi wata da saye ba. Ya kwance na sabuwar ya ɗaura wa amanar, ya mayar da lotsattsen zoben a jikin tasa.

"Na ce in ya dawo kada ya tarar da kayansa da rauni. Wallahi ban kalli lamba ba."

Na ji tausayinsa, kuma na ji daɗin da ban yi shiru ba. Na tambaye shi yadda yake so a yi. Ya miƙo min ƙarfen nasa ya ce kowa ya koma gidansu. Na kwance zobban biyu a kan tawul, na goge ƙurar shinkafa, na mayar da kowanne inda ya fito. Lotsattsen ya ɗan yi gardama kafin ya zauna.

Baba ya sa malamin ya sake karanta lambar, ya sa ni na sake ƙirga sukurorin a fili. Sannan ya miƙe tsaye, ya riƙe adasar da hannu biyu.

"Ɗana, ga kayan mahaifinka. A hannuna ta faɗi, ga tabon nan. Ka yafe min a madadinsa."

Malamin ya shafa lotsar da babban yatsa. Ya ce mahaifinsa bai bar masa komai da ya taɓa riƙewa a wurin sana'a ba sai wannan. Ya ce ya karɓa, kuma ya yafe. Baba ya juyo inda yake jin nake.

"Injiniya, ka shaida?"

"Na shaida, Baba."

Da aka kira magariba malamin ya yi sallama ya tafi. Baba ya rufe gwangwanin da adasa ɗaya a ciki, ya saƙale shi a hammata, ya laluba takalmansa. A bakin kantin ya ce in jawo masa ƙofar ƙarfen ƙasa, hannunsa ba ya kaiwa. Na jawo, ya danna kwaɗo, ya ce in kira masa 'yarsa in gaya mata ta gyara ɗakin.