Tulun da Na Sa Aka Huda

Shekarar da aka yi wa maigidana canjin makaranta zuwa Ƙanƙara, lokacin da kuɗin mai suka shigo kowa na sayen rediyo da sabon keke, mu 'yan Lutheran na garin ba mu da yawa. Malamai ne da ma'aikatan asibiti da matansu, yawancinmu daga bakin Binuwai. Ni ce mai kaɗa tulu a zumuntar mata, kuma ba yabon kai ba, hannuna na da daɗi. Sai dai tulun da mahaifiyata ta ba ni ya fashe a motar kaya tun kafin mu iso. Na yi kuka kamar an yi mini rasuwa.

Ga godiyar kaka ta matso. A Daudawa za a haɗu, mu da 'yan Faskari da 'yan Sabuwa, kowa ya shigo da rawa ɗauke da abin da gonarsa ta ba shi. Mu kuwa baƙi ne, ko gyaɗa ba mu shuka ba, kiɗan nan shi kaɗai ne baikon da zan miƙa wa Allah. Dattijon cocinmu kuma ya sayo rakoda a Kaduna, ya ce tunda babu tulu sai mata su bi kaset. Ni da raina a bi kaset? Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Ran kasuwa na nufi wajen masu tukwane. Na sami wata tsohuwa, na gaishe ta, na ce ina so ta gina mini tulu mai huda a gefe. Sai da ta kira maƙwabtanta su zo su ji, suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Ɗiyata, mi na yi maki? Tun ina budurwa nike gini, ba a taɓa maido man tulu don yoyo ba."

Na ce Inna ba na ruwa ba ne, na yabon Allah ne. Ta ce to Allah ya kyauta. Sau uku ina zuwa gidanta, in yi shara, in taya ta kwaɓa yumɓu, kafin ta yarda, da sharaɗin kada in faɗi wadda ta gina. Da ta zo huda shi sai da ta kau da kai.

Ranar godiya na rungume shi a cinya a bayan akori-kura har Daudawa. Gindin mangwaro aka yi sujada. Ga dammunan dawa, ga kaji, ga wata akuya na cin gyaɗar wani. Dattijo ya ɗora rakodarsa a tebur yana ta goge ta da hula. Kafin ya danna, na saki tafin hannuna a bakin tulu. Wayyo daɗi! Murya ce mai kauri, har cikin ƙirji. Mata suka ɗauki waƙa, guɗa ta tashi, matar dattijon ma ta cire takalmi ta shiga fili. Ni kuwa kaina ya kwance. Da aka kira masu baiko na tashi ina juyi, na kai tulun gaban bagade na ajiye tsakiyar dawa.

Sai da na zauna ina haki na tuna: duk abin da aka kai gaban bagade ya zama na coci, bayan sujada gwanjonsa ake yi.

Aka sayar da kaji, aka sayar da akuya, aka ɗaga tuluna. Matan Sabuwa suka taso masa haiƙan, don su ma ba su da irinsa. Maigidana ya taya sau ɗaya ya sunkuyar da kai. Na rufe fuska da gyale, ina jin wata murya daga baya tana ƙari, tana ƙari, har 'yan Sabuwa suka haƙura.

Da na buɗe ido, dattijo ne tsaye a kaina, rakoda a hammata, tulu a hannu. Ya miƙo mini yana harara.

"Karɓi, 'yata. Tun da na sayo abin nan daga Kaduna matata ba ta taɓa cire masa takalmi ba."