Wa Ya Kwance Wai?

Kakata, da muke kira Iya, ba ta karɓar maganar kowa haka siddan. In ka ce mata ana ruwa a Malumfashi, sai ta tambaye ka ko ka jiƙe ne, ko gaya maka aka yi. Mu jikokinta alƙaliya muke ce mata a bayan idonta. Duk da haka, lokacin cirar auduga, da an ci tuwon dare muna kewaye da murhunta, tana kaɗi da mazari muna cire mata gurya, don a ƙauyenmu na kusa da Dayi babu wanda ya kai ta iya tatsuniya.

Iya tana da ƙawa, Tabawa, Bamagujiya mai daddawa da ke zaune a bayan gari. Duk ranar kasuwa sai ta biyo gidanmu, su raba goro ɗaya biyu. Ina 'yar shekara tara, Sale ɗan maƙwabcinmu ya kwanta da zazzaɓi har yana sambatu. A bakin rijiya na ji wata mata tana cewa wai an ga Tabawa ta shafa kan yaron a kasuwa, wai ko ita ce. Na yar da guga na sheƙa wajen uwar Sale don in riga kowa kai labari, na ce mata Tabawa ce ta kama ɗanta. Kafin la'asar maza sun taso ƙeyar tsohuwar, aka sa ta tsallaka yaron a gaban jama'a, kamar yadda ake yi wa wadda ake zargi da maita.

Ran nan Iya ba ta taɓa mazarinta ba. Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman kazar da ta sha ƙwai, sannan ta ce ga ta nan, mai kunne ya matso.

Wai wata mata ce ta haifi tagwaye, Gaskiya da Jita-jita, kamarsu ɗaya har uwar ba ta iya bambanta su. Sai ta ɗaura wa Jita-jita 'yar ƙararrawa a ƙafa, ta sa wa ƙararrawar suna Wai. Duk gidan da ta shiga, da an ji ƙarar sai a ba ta ruwa ta sha, amma ba a shimfiɗa mata tabarma. Wata rana Jita-jita ta roƙi wata yarinya a bakin rijiya ta kwance mata, wai tana hana ta sauri. Yarinya ta kwance. Jita-jita ta shiga gari shiru, aka ɗauka Gaskiya ce, dattawa suka ba ta wurin zama. Duk wanda ta nuna da yatsa sai a kore shi, har gari ya zama kufai.

Wani ƙanena ya ce ashe Jita-jita muguwa ce. Iya ta girgiza kai.

"Ita halinta ta yi. Ni wadda ta kwance nake nema."

Ba ta rufe da ƙurunƙus ba, ba ta kuma kalli inda nake ba. Wannan rashin kallon ya fi mini duka ciwo.

Sale ya warke bayan an yi masa allura a Malumfashi, mutane suka ce ai Tabawa ce ta saki kurwarsa. Iya ta ce da ya mutu da cewa za su yi ta cinye shi, kuma zargin da ba shi da ƙofar fita ba shari'a ba ce. Tabawa ta kwashe kayanta ta koma wajen danginta a yankin Danja. Har Iya ta rasu ba su sake haɗuwa ba, ni kuma ban taɓa buɗe baki na ce ni ce ba.

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin, bayan na gama digirin lissafi, na shiga fannin da na tsufa a cikinsa, wato koya wa kwamfuta ajiye sani da fitar da hukunci daga gare shi bisa ƙa'idar manɗiƙi, ilimin jera hujja. Aikina na farko shi ne tattara abin da malaman gona suka sani game da cututtukan auduga, don na'urar ta riƙa ba manoma shawara. A nan na gane kwamfuta ba ta san "wai" ba. Abin da ka ba ta haɗiyewa take yi, ta gina wani a kansa, ta miƙo maka babu kunya. Na kafe a kan kowace magana sai ta shiga da sunan wanda ya faɗe ta, kuma in aka janye ta, duk abin da aka gina a kanta ya rushe. Shugaban sashenmu ya ce aikin zai ninka.

"Malama Rabi, zarginki ya yi yawa," in ji shi. Na ce masa gado na yi.

Ranar da tsarin ya fara aiki, ni kaɗai a ofis, na gwada shi da maganar da ba ta auduga ba. Na rubuta cewa Tabawa mayya ce, da duk abin da ya biyo baya: tsallakawar, ƙaurar, da rabin goron da Iya ta riƙa ajiyewa duk ranar kasuwa har ya bushe. Na'urar ta nemi sunan wanda ya faɗa. Na daɗe hannuna na kan maɓallan kafin na rubuta nawa. Sannan na janye maganar, nan take komai ya goge. Na zauna ina kallon allon ina kuka, don a cikin na'urar kaɗai Tabawa ta dawo gida.