Kiwon Inna Kyauta

Kakata Inna Kyauta ba ta iya gaisuwa da baki kaɗai ba. In ka durƙusa gabanta, kafin ka gama "ina kwana" hannunta ya kai gadon bayanka, tana latsawa kamar mai tayin rago. Sana'arta ke nan. Takan sayo ramammen rago a kasuwar Goronyo, wanda ko mahauci ba zai kalla sau biyu ba, ta ɗaure a turke, kafin Babbar Salla sai ka rantse ba shi ba ne. Duk Wurno an san hannunta.

Mijinta Attahiru mazarƙwaila yake dafawa a fadama, kuma ba ya sauke kasko sai ya ɗanɗana. Ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi, sai bawan Allah ya fara zubewa. Ci yake kamar gara, randa ba ta kwana da ruwa, amma kullum sai ya ƙara tsuke mazagin wando. Kyauta ce ta lura tururuwa na taruwa inda ya yi fitsari. Aka kai shi asibiti a Sakkwato, likita ya ce ciwon suga ne, ya ba shi magani, ya hana zuma da rake da fura, tuwo ma sai kaɗan. Ya kuma ce dole ya yi jiki, in ba haka ba ramar ce za ta kai shi ƙasa.

To, a garinmu wa ya taɓa jin an yi ƙiba ba fura ba tuwo? Maƙwabta suka ga wannan zalunci ne, suka shiga aiko da fura da zuma, da alkaki, da nakiya, duk don ƙauna. Kayan dubiya kuwa ba a mayar da su. Kyauta takan karɓa da hannu biyu, ta yi godiya har ƙasa, ta raba wa yara alkakin, furar kuma ta kwaɓa da dusa ta kai wa ragon da ke turke. Rago ya yi ta sheƙi, mai gida yana nan kamar sillen kara.

Labari ya kai Raba, wurin yayarsa Habi, wadda ta goye shi yana yaro. Ta zo ta gan shi, ta shafa haƙarƙarinsa, ta juyo ta dubi Kyauta.

"Mi kika yi ma ƙanena? Rago shina ƙiba, miji shina bushewa. In Salla ta zo na iske shi haka, Raba za ni da shi, in ba shi hura shi sha shi ƙoshi."

Kyauta ta ba ta haƙuri, don ba a sa-in-sa da yayar miji. Amma ta tsorata ƙwarai. Ta san in ya je Raba, ƙauna ce za ta kashe shi.

Sai ta koma ga abin da ta sani. Ramammen rago ba a tula masa abinci, sai kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Da safe ta ba shi wake da man gyaɗa da ƙwan zabi, da hantsi nono tsura ba gari, da rana kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, da yamma kifin gulbi da miya mai yawa, tuwon kuwa bai fi dunƙulen yaro ba. Aljihunsa ba ya rabuwa da gyaɗa. Ta raba shi da kasko, ta sa shi noman albasa da ɗauko harawa a ka, wai naman da ba ya motsi kitse ne. Attahiru ya yi ta mita, yana cewa zogale abincin mata ne, saura kawai a sa masa igiya. Sau ɗaya ya saci ɓallin mazarƙwaila, ta ji ƙanshin a bakinsa. Ba ta yi faɗa ba, kuka ta yi, kuma bai sake ba.

Jajibirin Salla Habi ta iso a kan jaki, da tulun zuma da niyyar tafiya da ƙaninta. Yana cikin babbar riga, ta ce ita ba ta ga wani sauyi ba. Kyauta ta kama hannunta ta ɗora a bayansa.

"Taɓa, Yaya. Ba da ido aka sayen rago ba."

Habi ta latsa, ta sake latsawa, tana neman haƙarƙarin da ta shafa a baya, ba ta same su ba. Sai hawaye. Attahiru ya ce in sun gama tayi su sake shi, an kira salla. Ragon nan na turke bai ga kasuwa ba, shi aka yanka, Habi ta ci furar maƙwabta a jikinsa tana yaba kitse, ta koma Raba da zumarta.

Attahiru ya rayu har ya ga aurena. Kowace safiya sai Kyauta ta latsa bayansa kafin ta ba shi karin kumallo. Da ya rasu ta tuge turken, ta ce ta gama kiwo. Amma hannun bai ji ba, shi ya sa ya koma kanmu.